Shayi uku, waƙa tara

Admin ya ce wannan makon layin mutanen Tiga ne, to ga mu. Da farko a kan tsadar taki muka yi niyyar rubutu, amma da muka zauna shawara sai hira ta karkata zuwa wani kundin waƙoƙi da wani dattijo, har aka kira magariba ba mu dawo kan taki ba. Sai a yi haƙuri da abin da ya samu.

Majalisarmu a ƙofar shagon cajin waya take, a kan hanyar da ke gangarawa bakin dam. Mu bakwai ne idan an cika: mai shagon, masunta biyu, malamin firamare, direba mai jigilar tumatir da albasa, da wasu biyu da sana'arsu ke canzawa tsakanin rani da damina. Duk wanda ya taso a garuruwanmu ya san ta yadda waƙa ke iso mana. Ka miƙa memori, ka ba da 'yan kuɗi, a cika maka. Abin da ya shiga ya shiga: Nura M. Inuwa, wa'azi, waƙar Indiya, Shata, duk a tukunya ɗaya. Rabinsu ba su da suna, sai lamba. Mawaƙanmu suna fitar da albam, sun zauna sun tsara wacce za ta fara da wacce za ta rufe, amma kafin ya iso hannunmu an yanyanka shi kamar naman tsire, kowa ya tsinci tsokar da yake so. Iyayenmu da suka yi zamanin kaset sun fi mu a nan, don su dole ne su bi Ɗankwairo daga farkon fuska har ƙarshenta kafin su juya.

A cikin irin wannan tarkacen ne, shekaru fiye da goma da suka wuce, direbanmu ya dawo daga wajen Sakkwato da wata waƙa a memori. Kiɗan irin na finafinan Hausa ne, muryar ma an bi ta da na'urar nan mai sa murya rawa kamar ta ƙarfe, amma yaren ba mu ji ko kalma ɗaya. Muka sa mata suna "waƙar Buzaye", muka yi yayinta na 'yan makonni, ta ɓace da aka goge memorin. Ba wanda ya tambayi mai ita.

Kuma ba wai mun rasa wanda za mu tambaya ba ne. Tsallaken titi akwai sito na taki da injinan ban-ruwa, mai gadinsa dattijo ne Ba'abzine, da rawaninsa da 'yar butarsa a kan gawayi. Kusan shekara shida yana wurin. Muna gaisawa, yana kawo wayarsa caji, wani lokacin ya miƙo mana shayi. "Buzu" muke kiransa, idan an so girmamawa a ce "Baba Buzu". Da za a tsare mu a lokacin a ce mu faɗi sunan garinsu, da duk mun faɗi jarrabawa.

Wanda ya haɗa zaren nan shi ne ƙanin mai shago, ɗalibi a Zariya. Yaron nan yana da wata ɗabi'a da ke ba mu dariya: waƙoƙin Turawa masu jita yake ji, musamman wata ƙungiya ta garin Sheffield a Ingila mai suna Arctic Monkeys. Ya taɓa kunna mana, masuntanmu suka ce kamar ana faɗa a shagon maƙera. Shi kuwa ya dage cewa irin waɗannan ƙungiyoyi, waɗanda ƙananan kamfanoni masu zaman kansu ke fitar da aikinsu, ba a tsintar waƙarsu ɗaya-ɗaya. Kundi ake ɗauka a ji daga farko zuwa ƙarshe, kamar yadda ba a fara karatun littafi daga tsakiya. Muka ce masa wannan aikin marasa gona ne.

A hutun hunturun 2022 ya dawo da wani abu daban. Ya ce cikin bin irin waɗannan kamfanoni ne ya ci karo da wani mutumin Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar. Ɗan jihar Tawa ne, bahago ne a jita, kuma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke, don gidansu ba sa son kiɗa. Kundin sunansa Afrique Victime, ya fito a watan Mayun 2021 a kamfanin Matador na Amurka, wanda ke cikin rukunin kamfanonin Beggars na Landan. Su huɗu ne a ƙungiyar: shi, da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim a ganguna, da wani Ba'amurke Mikey Coltun a jita mai kaurin murya.

Sai ya ƙara da abin da ya sa direba ya ajiye kofinsa. Kundin mutumin na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da salon kiɗan sitidiyon Hausa na lokacin. Ba a kasuwa ya yaɗu ba, daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley da ke tattara waƙoƙin wayoyin mutanen Sahara ya tsinci ɗaya, ya sa ta a faifai, sannan ya shiga neman mai ita. Yaron ya lalubo Anar ya kunna. Direba ya rantse ita ce waƙar nan tamu ta da. Malam ya ce ƙila dai 'yar uwarta ce. Har yau ba su daidaita ba. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne hanyar da abin ya biyo: sai da ɗanmu ya zaga ta Ingila da Amurka kafin ya iso Agadas, alhali daga Kano Agadas ta fi Legas kusa.

Ya kafa mana sharaɗi, ba mai taɓa wayar sai kundin ya ƙare. Waƙa tara, minti 40 da 'yan kai. Aka jona da sifikar shago bayan isha'i, sanyin dam yana busowa.

Waƙar farko, Chismiten, da ƙarar ƙwarin dare take buɗewa, har ɗaya daga cikinmu ya waiga yana neman gyare a bayan benci. Jita ta shigo, ganguna suka biyo da gudu irin na raƙumi da aka sake wa akala. Ba a yi minti biyu ba muka ga Baba ya tsallako titi, riƙe da murhunsa a hannu ɗaya, buta a ɗaya. Bai yi sallama da ƙarfi ba. Ya zauna a ƙasa gefen benci, ya ce, "Samari, wa ya ba ku wannan?"

Aka nuna masa ɗalibi. Ya dube shi, ya gyaɗa kai, ya fara hura gawayi.

Wanda ya taɓa shan shayin Abzinawa ya san sau uku ake zubawa daga ganye ɗaya: na farko da ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku zaƙi. Ba a gaggawarsa kuma ba a tashi a tsakiya. A daren nan shayin da kundin suka tafi tare, Baba yana zuba mana yana fassara. Ya ce ta farko a kan hassada take, yadda mutum ke rasa kansa don kallon abin hannun wani. Ya ce Taliat na nufin mace, Tala Tannam kuma hawayenki. Bai bi baiti-baiti ba, sai ya saurara, ya yi murmushi, ya ce, "A nan yana rarrashi ne," ko "A nan ya kai ƙara wajen Allah." Hausarsa da muka saba yi wa dariya saboda karyewarta, ranar kowa ya matso don kada kalma ta wuce shi.

A nan ne muka gane abin da yaron ke nufi da tsari. Bayan waƙoƙi biyu masu zafi, sai kundin ya sauka ƙasa, jitar lantarki ta ja baya, ta katako ta karɓa, da tafi da amshi kamar hirar dare a tsakar gida. Ana ba ka hutu ne da gangan, don akwai nauyi a gaba. Da a memorinmu ne, da Tala Tannam ta faɗo tsakanin waƙar biki da tallan maganin basir, mu danna gaba.

Da aka zo Layla, Baba ya ɗaga yatsa. Ya ce wannan hannun ba na yaron ba ne, na Abdallah ne. Ɗalibi ya duba waya ya tabbatar: Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen jitar Abzinawa a Nijar, kuma girmama shi ake yi a waƙar. Baba ya ba mu labarin shekarun 1990, lokacin tawaye, yadda kaset ɗin mutumin ke yawo a ɓoye, a cikin buhun gero ko naɗin rawani. Sai ɗalibi, cikin rashin sani, ya ci gaba da karanta abin da ke wayar, har inda aka ce ya rasu a farkon 2020. Baba bai ji labarin ba sai ranar. Ya yi salati, ya yi masa addu'a, muka shafa. Shayi na biyu ya ɗan ƙone.

Sannan waƙa ta takwas ta zo, mai sunan kundin, fiye da minti 7. A hankali take farawa kamar makoki, da Faransanci da Tamashek, a kan abin da aka yi wa Afirka da kuma shirun 'ya'yanta. Daga tsakiya ganguna suka fara ƙara sauri, suna ƙarawa, jita ta koma kuka da kururuwa har sifikarmu ta fara karkarwa. Gaskiya ba kowa ya so wannan ɓangaren ba. Babban masuncinmu ya ce an koma shagon maƙera. Malam, wanda dama zamansa a wurin da ɗari-ɗari ne saboda batun kiɗa, ya ce ya ji saƙon amma hayaniyar ta yi yawa. Mu da muke wannan rubutu muna ganin hayaniyar ita ce saƙon, don akwai baƙin cikin da idan aka faɗe shi a tsanake ya zama ƙarya.

Baba bai fassara wannan ba. Abin da ya ce kawai shi ne a Arlit ana haƙar yuraniyom tun yana yaro, ana kai shi Faransa a yi wuta da shi, su kuma a garinsu da fitilar hannu ake karɓar haihuwa. Ba wanda ya amsa. Janaretan shago yana ta ruri a bayanmu, ga dam ɗin da aka gama tun 1974 a zamanin Audu Baƙo kwance cikin duhu, ruwansa yana tafiya Kadawa da Kura. Ba mu ce abu ɗaya ne ba. Amma kowa ya ji ƙarar janaretan nan a lokacin fiye da kullum.

Ta tara, Bismilahi Atagah, a sanyaye ta rufe, daidai da shayi na uku. A wannan daren ne mai shago ya tambayi Baba sunansa na yanka da na garinsu. Ya faɗa. Ba za mu rubuta a nan ba tunda ba mu nemi izininsa ba, amma daga ranar ba wanda ya sake ce masa Buzu a majalisar.

Mun maimaita zaman sau da dama a wannan rani. Har ya zama idan wani ya kai hannu zai tsallake waƙa, masuncin da ya fi kowa ƙorafi ne ke buge hannun.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum. Kafin mako biyu an rufe iyaka, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, ana ta maganar yaƙi a rediyo. Su Mdou Moctar juyin mulkin ya same su suna rangadi a Amurka, suka maƙale a can ba hanyar gida. Baba kuma a nan ya maƙale. Kuɗin da yake aika wa iyalinsa ta hannun direbobi ya tsaya, ya daina tsallako titi da daddare. Wata safiya a cikin Satumba ya kawo murhu da buta ya ba mai shago ajiya, ya ce zai bi ta daji ya dubo yara, in an kwana biyu zai dawo. Muka haɗa masa abin da ya sawwaƙa. Direba ya kai shi Kwanar Ɗangora ya sa shi a motar Kano.

An buɗe iyaka a watan Maris na 2024. A watan Mayu ƙungiyar ta fitar da sabon kundi, Funeral for Justice, shi ma waƙa tara. Ɗalibi ya turo mana, muka zauna muka bi shi daga farko zuwa ƙarshe yadda aka koya mana. Ya fi na baya zafi. Akwai waƙa a ciki mai suna Takoba, wannan kam ko ba tafinta mun gane takobi ne. Akwai Oh France, ita ma sunanta ya isa. Akwai Imouhar, wadda aka ce kira ne ga Abzinawa kada su bar harshensu ya mutu. Sauran kuwa sai dai mu kalli juna. Mai shago ya gwada dafa shayin a butar Baba, na farko da na uku duk ɗanɗano ɗaya suka fito.

Sito ya ɗauki wani mai gadi. Lambar Baba tun bara take cewa a kashe. Idan a cikin zauren nan akwai mutumin Tawa ko Abalak ko Agadas mai jin Tamashek, don Allah ya yi mana magana ta akwatin sirri. Muna da waƙoƙi shida da ke jiran fassara, da sunan wani dattijo da muke son a tambaya mana a tasha.