Mu ma ana ba mu ajiyar sirri

'Yan uwa, musamman mu 'yan Arewa da ke karatu a Jami'ar Ibadan.

Tun da na fara digiri na biyu, da wuya mako ya wuce wani dattijo a kasuwar Akinyele ko Sabo bai miƙo min wayarsa ba: "Malam, duba min saƙon nan." Su ba ka NIN, su ba ka BVN, wani har lambar katin ATM, don sun yarda ɗan boko ya san kan abin. To mu ɗin, ya muke riƙe namu?

Tun da Babban Bankin Najeriya ya kawo BVN a 2014, aka kuma fara haɗa layukan waya da NIN a Disamba 2020, layinka ya zama makullin asusunka. Wanda ya sace wayarka, *565*0# kawai zai danna BVN ɗinka ta fito. Shi ya sa na sa wa sim ɗina lambar sirri, ba fuskar wayar kaɗai ba.

Sauran abubuwan da na mayar ɗabi'a ba su da wuya. In na je buga takarda a shagunan Agbowo, ba na tashi sai na fita daga imel ɗina, na kuma goge abin da na sauke a kwamfutarsu. Fotokwafin da ya lalace ma ba na barinsa a kwando. In an turo sanarwar tallafin karatu a guruf, ko da sunan PTDF ko NELFUND ne, ba na danna ta, shafinsu na ainihi nake nema da kaina.

Sai WhatsApp. Wani zai kira ka da Hausa tsantsa, ya ce akwai taron ƙungiya ta intanet, karanto masa lambobi 6 da suka shigo maka. Kana karantawa ya ƙwace asusun, ya bi 'yan uwanka yana neman rance da sunanka. Kuma za su tura, don a baƙon gari mutuncin juna muke ci. Don Allah ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu yau.

In kuma kun cike wa wani baba fom, ku goge hoton takardunsa a gabansa, ku faɗa masa banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri. Amana ce fa.

Allah Ya tsare mu.