Bayan Ya Kai Ƙasa



Aikinmu a zauren Maigida riƙon littafi ne. In an kawo magana, mu rubuta rana da waɗanda suka halarta da abin da aka tsayar. Mun rubuta rigimar gado, da ta kuɗin haya, da ta kwata tsakanin maƙwabta, amma sunan fim bai taɓa shiga littafin nan ba sai a makon jiya.

Wani bawan Allah daga Aboabo ne ya shigo riƙe da hannun ɗansa mai shekara 13, leɓe a kumbure, haƙoran gaba biyu babu. Bayansu ga wani uban da nasa ɗan, tsaran na farko, kai a sunkuye. Yaran abokai ne, allo ɗaya suke wankewa a makaranta. Sun fito daga shagon da ake biya a buga wasan Mortal Kombat, gardama ta kaure a kan wanda ya ci, aka kama kokawa, ɗaya ya kayar da ɗaya. Har nan babu abin da zai tayar da dattijo daga kan buzunsa, don wane ne a cikinmu ba a taɓa kayarwa ba? Sai dai sauran yaran da suka yi da'ira sun ɗauki kirarin nan na cikin wasan, wanda murya ke umartar mai nasara ya ƙarasa abokin karonsa. Shi kuwa ya ɗaga ƙafa ya sauke a bakin wanda ke kwance.

Maigida ya daɗe bai ce komai ba. Can ya dubi yaron ya ce, "Jikana, yana tsaye ka buge shi, ko bayan ya kai ƙasa?" Yaron ya ce, "Bayan ya kai ƙasa, Baba." Tsohon ya juyo gare mu ya ce, "Malam, rubuta wannan."

Mun rubuta, amma hannunmu bai yi sauƙi ba, domin mun san fim ɗin, mun kuma san shi tun kafin a haifi yaran nan. Mu ne muka riƙa sulalewa daga karatun dare mu tafi Rex ko Roxy kallon Bruce Lee, mu dawo mu tarar da bulala tana jira. Da gidajen bidiyo suka yawaita a ƙarshen shekarun 1980, sai sinima ta biyo mu har lungu: talabijin guda, benci, labule a ƙofa, da yaro mai karɓar kuɗi. A waje kuma a rataye hoton talla wanda masu zane suka yi da fenti a kan buhun fulawa, suna ƙara jini da gatari inda fim ɗin bai sa ba. Buhunan nan da ruwa ke duka a bakin titi yau masu tara kayan zane ke saye a Turai da Amurka, har akwai gidan da ke baje su a Shikago, garin da aka ƙirƙiri Mortal Kombat a 1992.

Wasan da kansa ɗan fim ne. Mutum biyu da suka ƙago shi, Ed Boon da John Tobias, hotunan mutane na gaske suka ɗauka suna kai naushi da shuri suka zuba a na'ura, kuma Johnny Cage na cikinsa da Van Damme aka kwaikwayo shi. Labarin gasar da ake yi a wani tsibiri kuwa duk wanda ya ga Enter the Dragon na 1973 zai gane inda aka ɗebo shi. Saboda haka da aka mayar da wasan fim a 1995, Robin Shou ya fito a Liu Kang, kamar ruwa ne ya koma rijiyarsa. Shekara guda kafin nan an yi Street Fighter, inda Van Damme ya kara da Raul Julia, wanda ya yi aikin yana fama da ciwo, ya kuma mutu kafin a saki fim ɗin. Wannan bai kama mu sosai ba, surutu da bindiga sun yi masa yawa. Mortal Kombat ne muka kalla har kaset ya fara ja. Akwai wani mugu a ciki mai jan ido ɗaya na ƙarfe, sunansa Kano, kuma jikokin Zagezagi da ke cikinmu sun shekara suna tsokanar jikokin Kanawa da shi.

Ba za mu wanke fim ɗin zamaninmu ba, an yi kisa a cikinsa. Amma masu shi sun ɓoye jinin don a bar matasa su shiga kallo. Wanda aka sake yi a 2021 na manya aka yi shi, kuma abin da ya yi alfahari da shi shi ne ya nuna ƙarasawar nan ƙiri-ƙiri kamar yadda take a wasan. Akwai inda ake raba mace gida biyu da malafa mai kaifin zarto. A Amurka tun 1993 majalisar dattawansu ta zauna a kan jinin da ke cikin wasan, abin da ya kai ga kafa hukumar da ke sa wa wasanni alamar shekaru a 1994. Alamar tana nan a jikin kwali. Fim ɗin da ya iso Asawase a wayar wani, aka tura wa wani, aka tura wa ƙanensa, bai zo da kwali ba, bai kuma bi ta ƙofar da ke da mai gadi ba. A gidan bidiyon da, ko banza akwai babba da zai ce wa yaro tashi ka tafi gida.

Da aka sallami mutane domin salla, Maigida ya sa muka nuna masa abin a waya. Ya kalli minti kaɗan ya mayar mana. Tambayarsa ɗaya ce: "Ina mai rabawa?"

Shi a ƙuruciyarsa an aika shi karatu Sakkwato, kuma a can ya ga dambe da idonsa, lokacin kaka, in an kawar da amfanin gona mahauta suna yawo gari-gari da makaɗansu. Ya tuna mana abin da muka sani muka manta. Ɗan dambe yana naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da zare, shi ne mashi, ɗayan a buɗe, shi ne garkuwa. Turmi uku ake yi. In hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an ce an kashe shi. Kalmar ke nan, kisa, ba a sassauta ta ba. Amma da zarar an yi kisan, duka ya ƙare. Masu rabawa su shiga tsakani, kalangu ya ɗauka, a ɗaga wanda ya yi nasara, wanda aka kashe kuma ya tashi ya karkaɗe jikinsa, mutanensa su ba shi ruwa, wata rana ya dawo neman fansa. In ba wanda ya faɗi, a ce turmi uku babu kisa, kowa ya kama gabansa. Shago da Ɗan Anace ya waƙe ya yi suna da kisa, kuma abokan karonsa da ƙafafunsu suke komawa gida.

Dambe ba wasan yara ba ne, ana fasa baki, ana karya muƙamuƙi, malamanmu da yawa ma ba su taɓa sa masa albarka ba saboda layu da tsafe-tsafen da ke biye da shi. Maigida bai ce a koma gare shi ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne wurin da aka ja layi. A filin dambe faɗuwar mutum ita ke rufe ƙofar duka. A wasan nan kuwa sai abokin karo ya gama jigata, yana tangaɗi ba ya iya ɗaga hannu, sannan ake buɗe ƙofar abin da 'yan kallo suka zo gani.

Mun yi ta juya maganar a zuci a hanyar masallaci, sai muka ga kamar fim ɗin ya fi wasan nauyi a wannan gaɓa, ko da yake iyaye wasan suka fi zargi. A na'ura yaro ya san wanda aka tsaga yanzu zai dawo cikakke in an danna maɓalli, shi da kansa ya dawo da shi sau ɗari. Fim kuwa jikin ɗan Adam yake ara, da gumi da numfashi da fuska irin tamu, ya aikata abin na'ura da shi, sannan ya wuce zuwa faɗa na gaba. Ba a nuna uwar wanda aka ƙarasa, ba a nuna layin asibiti, ba a nuna uba yana lissafin kuɗin likitan haƙori a kan ribar da yake samu a Kejetia. Wannan kashin na labarin a zaurenmu aka haska shi.

Da aka dawo, limamin unguwa ya tunatar da cewa a littattafan fiƙihun da muka karanta, diyyar haƙori guda raƙuma biyar ce, kuma gangancin yaron da bai balaga ba hukuncin kuskure ake ba shi. Uban mai laifi ya ji raƙuma goma ya share zufa. Ba raƙumi a Kumasi, kuma zauren Maigida ba kotu ba ne, sulhu ake yi a cikinsa. Aka tsaya a kan zai ɗauki kuɗin magani da na sa haƙora, a biya kashi uku. Uban wanda aka ji wa rauni ya ce ya yafe sauran saboda zumunci, amma muryarsa na rawa, don yaron nasa shi ne mai jan baƙi a ajinsu, kuma yanzu sin da shin sun gagare shi.

An so a kira mai shagon wasan a rufe masa kasuwa. Maigida ya hana, ya ce mutumin abincinsa yake nema, a dai gaya masa ya daina barin 'yan makaranta su shiga kafin la'asar, kuma ya zo ranar Alhamis a yi magana. Sannan ya yanke wa yaran biyu aiki: kowace Juma'a su zo tare, ɗaya ya ɗauki buzunsa, ɗaya butarsa, su raka shi masallaci su dawo da shi. Sauran da suka yi da'ira suna kirari, su tara ne, ya ce a kawo masa sunayen iyayensu, domin a wurinsa ƙafar guda ce ta sauka amma bakuna tara ne suka ɗaga ta.

Jerin sunayen yana hannunmu tun shekaranjiya, ba mu kai masa ba tukuna. Na bakwai a ciki ɗan ƙanenmu ne, kuma wayar da ya fara ganin fim ɗin a cikinta mu muka saya wa ubansa.