Kunya Ce Ko Tsoro? Abin Da Wani Littafin Soyayya Ya Tono Mini

Mai karatu, wannan watan ka yi mini uzuri, ba sharhin sabon fim na kawo maka ba. Littafi na karanta, na soyayya ma kuwa, ya hana ni barci kwana biyu, har ya tono mini wani abu da na binne a zuciyata shekara takwas ke nan. Na ga gara in faɗa maka, ko na samu sauƙi.

Sunan littafin Indigo, wato shuni, irin wanda marina ke aiki da shi a Ƙofar Mata. Wata baƙar fata 'yar Amurka ce ta rubuta shi, Beverly Jenkins, ya fito a 1996. Labarin ya faru ne a jihar Mishigan ana dab da yaƙin basasar Amurka. Jarumar, Hester, an haife ta cikin bauta, kuma aikin shuni da aka sa ta tun tana ƙarama ya rine mata hannu da ƙafa, rinin da ba ya fita. Mahaifinta ɗa ne, ba bawa ba, amma ya sayar da kansa don ya zauna da baiwar da yake so. Saboda haka ita Hester ta tashi tana ganin so a matsayin tarko, ta kama kanta, ta kulle zuciyarta. Abin da maƙwabta da yawa ba su sani ba shi ne a gidanta ake ɓoye bayin da suka gudo. Ran nan da dare aka kawo mata wani mutum an yi masa dukan kawo wuƙa, aka ce ta ɓoye shi ta yi jinyarsa. Sauran ka san inda aka dosa, ai kai ma tsohon mai karatun littattafan Kano ne.

Kafin in ci gaba, bari in ɗan yi maka shimfiɗa. Wannan aiki na ɓoye bayi ba ƙirƙirar marubuciyar ba ne. Amurkawa na kiransa Layin Dogo na Ƙarƙashin Ƙasa, alhali babu dogo babu jirgi. Mutane ne kawai, baƙaƙe 'ya'ya da wasu fararen fata, suke miƙa gudajjen bawa daga wannan gida zuwa wancan har ya tsallaka arewa. Gidan da ake ɓuya sunansa tasha, mai yin jagora kwandasta, gudajjen kuwa fasinja. Abin ya ƙara tsanani a 1850, da aka yi dokar da ta ce duk wanda ya taimaki gudajjen bawa za a iya cin sa tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida. Jami'in da ke sauraron ƙarar kuma dala goma ake biyansa idan ya mai da mutum bauta, dala biyar idan ya sake shi. Ka ji adalci! Daga nan arewacin ƙasar ma ya daina zama mafaka, sai an kai Kanada. Shi ya sa Mishigan ta yi muhimmanci, don daga birnin Detroit kogi ɗaya za ka haye ka faɗa Kanada.

To, irin waɗannan littattafai na soyayyar tarihi suna da wani abu da suke yawan maimaitawa: wanda bai cika magana ba, wanda jama'a suka raina, shi ne ke ɗauke da babban sirri. Da farko na ɗauka dabara ce ta marubuta don su ba mai karatu mamaki. Da na koma ga tarihin sai na ga aikin ne da kansa yake buƙatar mai shiru. Mai surutu ba ya ɓoye mutum a ƙarƙashin ɗakinsa wata guda.

Ga misali na gaske, wanda ya fi duk wani ƙagaggen labari. A watan Disambar 1848 wasu ma'aurata bayi, William da Ellen Craft, suka gudu daga garin Macon na jihar Jojiya. Ita Ellen fara ce sol, don ubangidan uwarta ne ya haife ta. Sai ta yi shigar maza, ta fito kamar wani saurayi Bature marar lafiya, mijinta kuma ya zama baransa. Ba ta iya rubutu ba, sai ta rataye hannun dama da ƙyalle don kada a ce ta sa hannu a rajistar masauki. Ta naɗe haɓa don kada a ga ba ta da gemu, kuma a rage jan ta da hira. A cikin jirgin ƙasa wani da ya san ta ya zauna kusa da ita, sai ta yi kamar kurma. Tafiyar kusan mil dubu, suka isa Filadelfiya ranar Kirsimeti. Shirun matar nan shi ya fitar da su.

Inda baki ya yi shiru kuwa, waƙa ce ke magana. Idan ka kalli fim ɗin Harriet na 2019, wanda Kasi Lemmons ta yi daraktansa, Cynthia Erivo ta fito a matsayin Harriet Tubman, ka ga inda take tsayawa a bakin daji tana rera waƙa, masu aiki a gona suna ɗaga kai. Fim ɗin ya yi ƙare-ƙare, har da mutanen da babu su a tarihi, amma wannan ɓangare yana da tushe. Tubman ta gudu daga jihar Maryland a 1849, ta koma wajen sau goma sha uku, ta fito da mutum kimanin saba'in. Ita da kanta ta gaya wa Sarah Bradford, wadda ta rubuta tarihinta a 1869, cewa da waƙoƙin ibada take sanar da mutanenta ta iso, da kuma ko hanya lafiya. Mai gona yana ji, amma a kunnensa baiwa ce kawai ke waƙar coci. Frederick Douglass, wanda shi ma gudajjen bawa ne, ya rubuta a 1845 cewa yana mamakin masu ɗaukar waƙar bayi a matsayin alamar jin daɗi, alhali ƙunci ne ke sa su rera ta.

Sai dai a matsayina na mai sharhi dole in ja kunnenka. Marubutan soyayya kan zuba wa wannan tarihi sukari fiye da kima. Akwai wata shahararriyar waƙa, Follow the Drinking Gourd, da ake cewa taswirar hanyar gudu ce aka ɓoye a cikinta. Ba a buga ta ba sai 1928, fiye da shekara sittin bayan an soke bauta a 1865, kuma masana tarihi da dama suna shakkar labarin. Haka kuma yawancin waɗanda suka gudu ba su sami kyakkyawar budurwa mai jinya ba. Da ƙafarsu suka taka cikin dare, ga yunwa, ga karnuka a baya.

Yanzu bari in zo kan abin da ya hana ni barci.

Lokacin da nake karatun difloma a kwalejin kimiyya da fasaha, na kama ɗaki a wani gidan haya a Kaduna. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan wani mai hali. A gidan akwai 'yar aiki, yarinya da ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, wata mata ce ta kawo ta daga ƙauye, ita ke zuwa karɓar kuɗin aikin duk ƙarshen wata. Kusan kullum da dare sai mun ji ƙarar bulala da kuka. Da asuba kuma, tana wanke-wanke a gindin katangar, sai ta kama waƙa ƙasa-ƙasa. Ni kuwa, wai ni masanin waƙa, har na taɓa ce wa abokina, "Kai, yarinyar nan da za ta samu situdiyo, da an ji murya!" Muryar na saurara, ban saurari abin da take faɗa ba.

Ban ce wannan da bautar Amurka abu ɗaya ne ba, kada ka yi mini mummunar fahimta. Amma yarinya ce da ba ta da ikon fita, ba ta ganin ladan guminta, ba ta san hanyar gida ba. Na san haka sarai. Sau nawa na yi niyyar yi wa mai gidan magana in mun fito masallaci, sai in ce ai dattijo ne, sa'an mahaifina, da wane ido zan dube shi? Na sa wa abin suna kunya, na ci gaba da karatuna.

A gidanmu na haya akwai wata amarya. Ban taɓa ganin mai kunya irinta ba. In ka yi sallama daga bayan labule take amsawa, in kuka yi kiciɓis a zaure sai ta juya ta fuskanci bango har ka wuce. Mu samarin gidan har dariya muke yi mata a bayan ido.

Wata Asabar da hantsi sai ga wani tsoho da ƙurar tafiya a jikinsa, tare da mai unguwa, sun yi sallama a gidan mai halin. Aka yi 'yar hayaniya. Kafin azahar yarinyar ta fito da ƙullin kayanta, tsohon yana riƙe da hannunta. Kawunta ne. Sai bayan kwana biyu mijin amarya ya ba ni labari. Ashe ita tana zama a gindin katangar ta ɓangarenmu tana tsintar shinkafa, tana sauraro. A cikin waƙar yarinyar tana saka sunan ƙauyensu, da sunan innarta, da ranar da kasuwarsu ke ci. Amarya ta haddace, ta gaya wa yayanta direban babbar mota da ke ɗauko hatsi ta wannan yankin, shi kuma ya yi ta cigiya har ya sami gidan.

Na daure na tsaya a bakin labulenta na ce, "Amarya, sannu da ƙoƙari. Allah ya saka da alheri."

Ta yi shiru har na ɗauka ba za ta amsa ba. Can ta ce, "Ai ba komai, Malam. Ita ce ta faɗa, kowa ma yana ji."

Wallahi, mai karatu, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ita mai kunyar gaske ba ta ɗaga murya ba, ba ta ci mutuncin kowa ba, amma ta yi abin da ya kamata. Ni kuwa abin da ya riƙe ni tsoro ne, na ɗora masa rawanin kunya don ya yi kyan gani.

Wannan ne ya sa nake jin haushin yadda finafinanmu ke wasa da kunya. Jaruma ta sunkuyar da kai, ta murza bakin mayafi, sai a yanka zuwa lambu a yi waƙar minti bakwai, duk abin da waƙar ta ƙunsa bai wuce ina son ka ba. Kunyar ado ce, waƙar kuma ta talla. Alhali muna da tarihin da za a gina labari mai nauyi a kansa. Tun 1934 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ba mu Shaihu Umar, labarin yaron da bauta ta raba da uwarsa, ita kuma ta bi sahunsa har cikin Sahara, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Daga nan kamar mun yi yarjejeniyar kada a sake taɓo zancen. Ina marubutanmu mata, masu alƙalamin da ya iya sa mutum kuka? Ina labarin kuyangar da ke niƙa tana waƙa, da wanda ya tsaya a bayan danga ya gane abin da take nufi?

Amarya da mijinta sun tashi daga gidan kafin in gama makaranta, yarinyar kuma ban sake jin ɗuriyarta ba. In tana raye yanzu ta kai shekara goma sha tara, ƙila ma tana ɗakin mijinta. Ina roƙon Allah ya sa ta yafe wa ɗan makarantar da ke bayan katanga. Kai kuma, in akwai wata ƙaramar murya da kake ji ta katangarka da asuba, don Allah ka kasa kunne ka ji me take cewa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.