Makon ƙarshe na wani Ba'adare a Ajame

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. To amma akwai raɓar da kan shekara talatin rana ba ta ɗauke ta ba, kuma irinta ce ta cika unguwar Ajame ta birnin Abijan, can ƙasar Kwaddibuwa. Tun zamanin Hufuwe Bwanyi, wanda ya rasu a 1993, samarin Adar ke kama hanyar bakin teku da an gama girbi, da niyyar komowa kafin shuka. Wasu sun komo. Wasu kuwa damina ta yi ta wuce su har furfura ta fito.

Cikin waɗanda damina ta wuce akwai wani dattijo ɗan ƙasar Tawa. Ya sauka Abijan a 1994, shekarar da aka karya darajar sefa da rabi. Kamar ƴan Nijar da dama, da garba ya fara, wato acekken rogo da soyayyen kifi da tattasai, abincin da mutanen garin suka raɗa wa sunan nan na Hausa saboda masu saida shi. Daga teburin garba ya kai ga rumfar kansa kusa da babbar kasuwa. Yanzu ya saida rumfar, ya ƙulle kaya, sauran mako guda ya tashi.

Abin da zai bari ba aljanna ba ce, shi ma bai taɓa cewa haka ba. Tun kafin kiran asuba yaran gbaka, ƙananan motocin nan na haya, ke kwarmaton sunayen unguwanni a bakin tasha. Gidan da yake ciki na haya ne, iyalai sun fi goma, famfo ɗaya, makewayi ɗaya, kuma kowane ƙarshen wata mai gida na tsaye bakin ƙofa. A watan Yuni ruwa kan kwana yana zuba, magudanai su cika su shigo ɗaki, rigar Juma'a ta yi fumfuna cikin akwati. Mutumin da ya tashi inda ake roƙon ruwa, ga shi yana roƙon Allah ya tsagaita.

Sai kuma zancen takarda. A farkon shekarun 1990 aka ɗora wa baƙi takardar izinin zama, ba a ɗauke ta ga ƴan ƙasashen CEDEAO ba sai 2007. Ya ga rikicin 2002, ya ga na 2010 da 2011, lokacin da baƙo kan kwana da takalmi a ƙafa. A 2024 hukumar birni ta hana talla bisa manyan tituna, aka kuma rushe unguwanni. Da Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, tsohuwar fargaba ta sake shiga hirar ƴan rumfuna.

Duk da haka, tun ranar da ya sa lokacin tafiya, garin ya soma yi masa kyau. A Abijan kuɗi ba ya barci: ko da dala ashirin ce, mai rumfa ba ya wuni bai taɓa ta ba. Da gumin Ajame ya gina ɗakunan siminti a ƙauye, ya aurar da ƙanne, ya sauke farali. A yunwar 2005 buhunan da ya aika su suka riƙe gidan mahaifinsa. Yanzu in ya hau jirgin ruwan haya ya ƙetare zuwa Tireshibil, sai ya tsaya kallon dogayen benayen Filato kamar yau ya zo. Maƙwabciyarsa, wadda ba addininsu ɗaya ba, suka kuma sha faɗa kan layin famfo, ita ce ta ɓoye masa kayan rumfa a ɗakinta sa'ad da gari ya rikice. Da ta ji zai tafi, kwana biyu ba ta yi masa magana ba, ran na uku ta aiko da soyayyar ayaba.

Gida kuma yana kiransa, da furar gero da nono, da sanyin hunturu, da gonar da ba mai tambayarsa takardarta. Amma ya san wani abu da ba a faɗi a taron bankwana. A ƙauye darajarsa ta mai aikowa ce. In ya zauna, wa zai aiko? Ƴaƴansa da aka haifa a Ajame sun fi sakewa da Faransanci da harshen Jula, Hausarsu ta gaisuwa ce. Babbansu ya sunkuyar da kai ya ce: «Baba, ka yi mini gafara, can me zan yi?» Dattijon bai matsa masa ba, domin shi ma amsar ba ta hannunsa.

Abin da ya yanke shawarar ba kasuwa ba ce. Maƙabartar Wiliyamsbil ce, inda ya raka abokan zuwansa ɗaya bayan ɗaya, aka rufe su cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, danginsu na Adar sai dai labari ta waya. Shi yana so in ta Allah ta kasance, a kwantar da shi kusa da mahaifinsa.

Daren ƙarshe ya je cin garba wurin wani yaro ɗan ƙasarsu, wanda bai cika wata uku da zuwa ba. Ya sayi na dala ɗari, ya tambaye shi yaushe zai koma gida.

«Kafin shuka, Alhaji, in Allah ya yarda.»

Dattijon ya wanke hannu, ya biya, ya ce Allah ya sa.