Ranar da Muka Kai Talabijin Ɗinmu Asibiti a Sabon Gari

Asabar ɗin da ta gabata, mu uku 'yan ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu da malaminmu na fiziks muka rungumi talabijin ɗin ɗakin karatu a adaidaita sahu, sai Sabon Gari ta Kano. Mako uku ke nan ya ƙi kamawa: 'yar jar fitilarsa na ci, amma fuskar baƙi ƙirin. Ga jarrabawa ta matso, da shi muke kallon darussan gwaje-gwaje, makaranta kuma ba ta da kuɗin sabo.

Mun sauka a titin France Road, inda shagunan kayan wuta suka yi jerin gwano. Ƙarar janareto ta cika ko'ina, 'yan dako na ta ihun a ba su hanya. Wani lungu muka shiga, zuwa shagon wani dattijo da talabijin suka yi tsibi har rufi, warin dalma na tashi.

Bai yi gaggawar kwance shi ba. Ya fara saita rimot ga kyamarar waya ya danna, muka ga haske na ƙyaftawa: rimot lafiya lau. Ya cire fulogi na minti ɗaya, ya mayar, ya danna maɓallin jikin talabijin. Shiru.

"Waɗannan ukun kuna iya yi a gida," in ji shi. "Daga nan kuwa, ku tsaya."

Da ya buɗe baya, ya nuna mana wani ƙaton kafasita. Ya ce yana iya riƙe sama da volt 300 ko bayan an cire fulogi, don haka sai da ya sauke wutar kafin ya sa hannu.

"Baba, to me ya sa fitilar ke ci?" muka tambaya.

Ya ce allon wuta yana ba da 'yar ƙaramar wuta, galibi volt 5, don babban allo ya zauna a farke yana jiran umarni. Idan ka danna rimot, babban allo ne zai aika saƙo a saki manyan layuka, irin su volt 12, sannan fitilun bayan fuska su kama. A namu, mitarsa ta nuna saƙon na isa, amma volt 12 na faɗuwa. Ashe ƙananan kafasita biyu ne suka kumbura kamar ƙosai. Zafi, tsufa da wutar da ke hawa da sauka ne ke kashe su.

Ya canza su, sai ga hoto tar! Kuɗin gyaran bai kai ko kusa da na sabo ba.

A hanyar komawa malam ya tambaye mu abin da muka koyo. Muka ce: a auna kafin a yanke hukunci, a cire fulogi idan an ɗauke wuta, a kuma bar buɗe bayan talabijin ga masu sana'ar.