Me Ya Sa Fatalwar Japan Mace Ce?

A makon nan ina so in ɗan ba ku labarin fatalwowin da mutanen Japan ke nunawa a silima. Tun ina kwalejin horon malamai nake sha'awar labarun nan, na kuwa lura galibi fatalwar tasu mace ce, sanye da fararen tufafi irin na suturar mamaci, gashinta a warware.

Al'adar ta daɗe a can. A zamanin da sukan taru da dare su kunna fitilu 100, in an gama labari guda sai a kashe fitila guda, har duhu ya rufe ɗakin. Lokacin zafi suka fi yin wannan hira, wai tsoro yana sanyaya jiki.

Wadda ta fi suna ita ce Oiwa. Tsuruya Nanboku ne ya shirya wasanta a 1825, Nobuo Nakagawa kuma ya mai da shi silima a 1959. Mijinta Iemon ya hango 'yar mai kuɗi, sai aka ba Oiwa guba da sunan magani. Fuskarta ta lalace, tana taje kai gashi na zuba, ta mutu da baƙin ciki. Daga nan duk inda ya waiwaya fuskarta yake gani, ko a jikin fitila. Daren aurensa ya sare amaryar, yana tsammani Oiwa ce.

Sai Okiku, 'yar aiki. Maigidanta ya neme ta da lalata ta ƙi, sai ya ɓoye faranti guda cikin 10 masu tsada, ya laƙa mata laifi, aka jefa ta rijiya. Kullum dare a ji muryarta tana ƙirga, in ta kai 9 sai ta fashe da kuka. Ko a silimar Ringu ta 1998, wadda Hideo Nakata ya shirya, yarinyar nan Sadako a rijiya aka jefa ta.

To, kun ga matan nan duka ba su da mai jin kukansu sa'ad da suke da rai, don haka masu labari suka ba su baki bayan mutuwa. Mun san matacce ba ya dawowa, amma zalunci yakan bi mai shi. Ni Okiku ce ta fi tsaya mini a rai. Ranar da na ba 'yan ajinmu labarinta, wata yarinya 'yar riƙo ta sunkuyar da kai, ba ta ɗago ba har aka kaɗa ƙararrawa.

Saboda haka, uwargida, in kwano ya ɓace a gidanki, bincika tukuna kafin ki ɗauki bulala. Ku kuma 'yan mata, in an zalunce ku kada ku haɗiye, ku gaya wa babba. Allah ya kiyashe mu da haƙƙin wani, amin.