Bayan Kan Sarki

Cikin adakar Kaka na tsinci wani tsohon ambulan, kan sarkinsa ya ɓanɓare. Da na juya kan sarkin na ɗaga wa hasken taga, sai ga kambi da haruffan CA cikin jikin takardar, alamar kan sarkin Arewa tun kafin haɗewarta da Kudu a 1914. Bayan ambulan ɗin kuwa hatimin Lokoja ne, na Zungeru ya hau kansa, duk sun dushe. Fuskar sarkin Ingila kowa ke kallo, har sunan ma can muka samo shi, amma sawun tafiya a baya yake, kamar kantar tafin ƙafar fatake. Na daɗe ina tunanin ma'aikacin gidan wayan da ya buga hatimin nan, bai ko waiwaya ba, ya jawo wasiƙa ta gaba.